Tsohon Da Ya Tafi Bai Dawo Ba: Tsokaci Kan Wani Gurbi A Ƙagaggun Labaranmu

Gabatarwa

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran Hausa ya san cewa tafiya na daga cikin manyan tubalan da marubutanmu ke gina labari da su. Tauraro ya bar gida, ya sha wuya a hanya, ya samo abin da ya fita nema, ya komo ana kiɗa ana guɗa. Wannan zubi ya daɗe, ya kuma yi wa adabinmu rana. Sai dai da muka zauna muka sake duba littattafan da ke hannunmu, na da da na yanzu, tare da rubuce-rubucen da matasa ke aiko mana don gyara, mun lura da wani matafiyi wanda kusan babu mai kula shi. Shi ne dattijon da ya gama aiki, ko ya aje fatauci, ko ƙarfin noma ya ƙare masa, ya tattara 'yan komatsansa ya koma wata ƙasa da niyyar daɗewa, wani lokaci ma da niyyar a binne shi can. Irin wannan mutum yana nan birjik a tarihinmu da unguwanninmu, amma a littattafanmu sai an tona. Manufarmu a wannan tsokaci ita ce mu duba dalilin haka, mu kuma nuna wa 'yan'uwa marubuta irin dukiyar da ke kwance a wurin. Za mu ɗauki garin Tozai na ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato ya zama ma'auninmu, saboda dalilin da zai bayyana a gaba.

Tafiya Da Dawowa

Mu fara da tushe. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar mana da littattafai biyar na farko, uku daga cikinsu kuwa kan doguwar tafiya aka ɗora su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya fita da ƙuruciyarsa, ya zaga duniya yana karo da Malam Zurƙe, ya samo ruwan, ya komo gida ya zama abin kwatance. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya yi gabas bayan Turawa sun ci ƙasa, ya shiga duniyar aljannu tare da ɗansa Garba Gagare, daga bisani ya dawo ya tarar zamani ya juya, yana ba yara labari. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an ƙetare hamada da Umar yana yaro, ya yi karatu a Ber Kufa, ya dawo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta yana karantar da almajirai.

Abin lura shi ne, a dukkan ukun, mai ba da labarin yana zaune a gida ne, tafiya ta riga ta zama tarihi. Wato ƙuruciya ita ke da hanya, tsufa kuma shi ke da zaure. Ba mu ga laifin magabatan nan ba, domin sun gaji wannan tsari daga tatsuniya da hikaya, inda dole mai tafiya ya dawo, in ba haka ba wa zai kawo labari? Amma a cikin Shaihu Umar akwai wata tauraruwa da ta karya wannan doka, ita ce mahaifiyar Umar. Ta bar gida da girmanta tana neman ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, ta tagayyara a ƙetaren hamada, ta rasu can jim kaɗan bayan sun sadu. A ganinmu babu wurin da littafin ya fi taɓa zuciya kamar nan, kuma dalili shi ne ita ce kaɗai wadda tafiya ta ci, ba ta bar mata bakin ba da labari ba. Tafawa Ɓalewa ya buɗe wata ƙofa a nan, waɗanda suka biyo bayansa ba su cika leƙa ta ba.

Da aka zo zamanin baya, tafiya ta sauya alƙibla amma ba ta sauya shekarun matafiyi ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa birni. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya taɓo harkar fasa-ƙwauri da ɓarnar masu kuɗi, sai dai iyakar ƙasa a wurinsa mashigar kaya ce. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga ƙarshen shekarun 1980 kuwa, da yawansu sun mai da ƙasar waje kayan ado. A shafi guda za a ɗaga Alhaji zuwa Landan ganin likita, ko Hajiya zuwa Dubai sayen gwal, ba don komai ba sai don gida ya zama babu babba, masoya su sami sararin ganawa. Ba a gaya mana yadda tsohon ya kwana a can, ko da wa ya yi hira, ko abin da ya ci.

Abin Da Tarihi Da Waƙa Suka Adana

Wani zai ce ai al'adarmu ce haka, Bahaushe in ya tsufa gida yake komawa. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin yana rubuce a tarihin ƙasar Sakkwato ɗin nan. Waƙoƙin begen Manzon Allah da malaman jihadi suka bari cike suke da ƙishirwar zuwa Madina, alhali Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai sami zuwa ba har ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya ga al'amuran jama'a sun fara sauka daga turbar da aka faro, ya kama hanyar gabas wajen 1807, mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutane har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake kusa da Sinnar.

Dubban alhazan ƙafa sun bi wannan hanya ta Barno da Chadi, suna yada zango suna neman guzuri, wasu a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925. Da yawa ba su isa Makka ba, ba su kuma dawo ba. Wani masani, Bawa Yamba, ya wallafa littafi da Turanci a 1995 kan waɗannan mutane, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suke ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya. Mutum ya gina ɗaki, ya aurar da 'ya'ya, ya binne iyaye a wuri, yana kuma cewa zango ya yada! In wannan bai isa jigon littafi ba, to me zai isa? Ga shi baƙo ya zo ya rubuta da wani harshe, mu masu abin muna kallo.

Kada kuma a ce zancen da ne. A watan Afrilu na 2023, gab da zai sauka daga mulki, Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa in aka dame shi a Daura zai ƙetara Nijar. Bai ƙaura ba, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025 aka kawo shi Daura aka binne. Makonni biyu kafin nan Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dabi, aka kai shi Madina aka binne a Baƙi'a kamar yadda ya yi buri. Dattawa biyu a wata guda, an ɗauko ɗaya daga waje zuwa gida, an kai ɗaya inda zuciyarsa ta ɗauka gida. Tambayar inda mutum zai ƙare kwanansa tana nan da ranta a tsakaninmu.

"Ƙasar Waje" A Idon Mutumin Tozai

Yanzu ga dalilin da ya sa muka zaɓi Tozai. Marubucin da ke zaune Kano ko Kaduna, in ya ji an ce ƙasar waje, jirgin sama yake hangowa. Mutumin ƙasar Illela kuwa, ƙasar waje tana bayan gonarsa. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni kilomita kaɗan ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta sarƙe. Kakannin Shehu Usmanu a ƙasar Ƙonni suka zauna, shi kansa a Maratta aka haife shi a 1754, wadda yau take cikin Nijar. Layin da ya raba wurin Ingila da Faransa ne suka shata a takarda a 1898, suka sake gyara shi a 1904 da 1906, ba tare da an tambayi mai gona ba.

To mu ƙaddara wani marubuci ya ɗauki tsohon hedimasta ɗan Tozai, wanda ya ci shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, ya karɓi garatutinsa bayan jira mai tsawo, matarsa ta fari ta rasu, 'yarsa da ke aure a Ƙonni ko Tawa ta ce, "Baba, ka dawo wurinmu mu kula da kai." A ido, babu abin da ya sauya: fura ita ce fura, kiran salla shi ne kiran salla. Amma marubuci mai lura zai ga abubuwa da dama. Fanshonsa da naira ake biya, cefane kuwa da sefa ake yi. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro tun 1999, naira kuwa an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas, saboda haka kuɗin tsohon na iya raguwa a aljihunsa ba tare da ɓarawo ya taɓa shi ba. Zai koyi lissafi da dala, inda dala ashirin take nufin sefa ɗari. Zai ji ana ce wa makaranta lakwal, kwastan kuma duwan. Ranar da aka gabatar da shi a majalisa aka ce ai shi ma mushe ne, wato malamin makaranta, sai ya haɗiye abin da kalmar ke nufi a garinsu ya amsa gaisuwa. Lokacin tantance 'yan fansho kuma dole a san yana raye, in ba haka ba a cire sunansa.

Daɗin daɗawa, iyakar da yake gani kamar wasa takan zama bango dare ɗaya. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an kuma rufewa, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairun 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, a gidan wani, yana nufin jana'izar ɗan'uwa da ba a samu halarta ba, ko an halarta ta ɓarauniyar hanya bisa babur, tsoho yana riƙe da ƙugun yaro. Ga rikici, ga ban tausayi, ga ban dariya, duk a wuri ɗaya, marubuci bai sayi tikitin jirgi ba.

Inda Labarin Yake

Hanya ta biyu da tsohon namu zai iya bi ita ce ta gabas. Ya sayar da gona da shanu, ya tafi Umara da niyyar da bai gaya wa kowa ba, wato ba zai dawo ba. A nan ne muke jin tsoron alƙalamin matasanmu, domin abu biyu ke jan su. Ko dai su mai da shi waliyyi, ya sauka Madina fitilu na haskawa, ya rasu cikin sujada a shafi na ƙarshe. Ko kuwa su mai da shi abin dariya, ɗan takari mai gudun 'yan sanda. Duka biyun ragwanci ne. Gaskiyar ta fi haka nauyi. Mutum ne mai bege na haƙiƙa, wanda bizarsa ta ƙare, ba shi da iƙama, ciwo ya kama shi yana tsoron zuwa asibiti, yana kwana a ɗakin wani ɗan garinsu da ya fara gajiya da shi. Ya sami kusanci da Rauda, ya rasa mai ce masa Malam. Attajiri yana da halin da zai cika irin wannan buri cikin mutunci, talaka kuwa da mutuncin nasa yake biya. Marubucin da ya iya riƙe begen da wulaƙancin a hannu ɗaya, bai zubar da ko ɗaya ba, shi ne ya rubuta littafi.

Hanya ta uku ta 'yan boko ce: ɗa ko 'ya na aiki a Ingila ko Amurka, an aiko a zo a huta. Sau da yawa ma tsohuwa ce ke tafiya, an kira ta wankan jego, kwana arba'in ya zama wata shida, iyakar abin da bizar ziyara ta Ingila ke bayarwa a zuwa guda. Tana cikin ɗaki mai ɗumi, abinci ba ya yankewa, amma babu maƙwabciyar da za ta leƙo, babu biki babu suna, jikoki suna amsa mata da harshen da ba ta ji. Matan da ke rubutu a cikinmu, waɗanda suka nuna gwaninta wajen zana zaman kishi da rikicin cikin gida, su ya fi cancanta su ɗauki wannan tsohuwa.

Kowace hanya aka bi, akwai tambayoyin da labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an amsa su. Wa aka bar wa gona, aro ne ko jingina ko sayarwa? Wanda ya sayar ya yanke igiyar komowa, kuma magada suna kallo. In matan biyu ne, da wace za a tafi, me za a ce wa wadda aka bari? Wa zai riƙa yanka ragon suna, wa zai raba gardamar iyakar gona, tun da dattijon unguwa ya tafi? Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aikin marubuci ne ya gwada waɗannan maganganu a jikin mutum guda, ya ga inda suka yi gaskiya da inda suka gaza, domin akwai tsohon da gida ne ya fara barin sa tun yana cikinsa: abokai sun mutu, 'ya'ya sun watse, rashin tsaro ya hana shi kwana a gonarsa, kamar yadda ya faru ga jama'a da dama a gabashin Sakkwato da suka ƙetara yankin Maraɗi tun daga 2019.

Sai maganar harshe. Mun sha ganin labarin da aka ce a ƙasar Sakkwato ya faru, amma kowa a ciki yana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Mai ba da labari ya yi amfani da daidaitacciyar Hausa, wannan daidai ne. Amma in uwargida a Tozai za ta tari mijinta, a bar ta ta ce, "Malam, in kat tahi, wa ka noman gonag ga?" Jimla ɗaya irin wannan ta fi shafi guda na bayanin gari. Haka kuma a kiyayi wa'azi. Da zarar marubuci ya tsai da labari ya hau mumbari yana gaya mana ko ƙaura ta dace ko ba ta dace ba, ya ƙwace wa mai karatu aikinsa.

Mun san uzurin da za a kawo, cewa masu sayen littafi matasa ne, soyayya suke so, wa zai sayi labarin tsoho? Uzuri ne mai ƙarfi, domin marubucinmu da kuɗin aljihunsa yake buga littafi, ko ya sa shi a waya yana jiran masu biya. Amma a tuna, kowane tsoho da ya tafi ya bar matasa a baya, ko ya tarar da su a can. 'Yar da ta ɗauko mahaifinta ta kawo gidan miji, ɗan da aka sayar da gadonsa aka yi guzuri, jikar da ke fassara wa kakarta maganar likita, duk taurari ne da matashi zai ga kansa a cikinsu. Shaihu Umar ma dattijo ne ke ba da labarinsa, ga shi an fi shekara tamanin ana karanta shi, har an mai da shi fim a 1976.

Kammalawa

Ba muna cewa kowa ya aje abin da yake rubutawa ya koma kan tsofaffi ba ne. Kira muke ga wanda Allah ya sa ya tashi a irin su Illela, Jibiya, Maigatari ko Kamba, ko yake da kaka a Sudan ko Makka ko zangon Kumasi, da ya san cewa yana zaune kan abin da marubucin birni ba shi da shi. Ya ɗauki littafin rubutu ya je ya zauna da waɗanda suka tafi suka dawo, da matan da aka bari, da direbobin da suka kai su tasha. Ya tambayi nawa aka sayar da gonar, me aka sa a jaka, wace magana aka yi a bakin ƙofa. Waɗannan mutane ba za su daɗe suna jiranmu ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya riga ya tarwatsa wasu daga cikin zuriyar alhazan da muka ambata. Filin wannan mujalla a buɗe yake ga gajeren labari ko babin farko a kan wannan jigo, haka kuma ga duk wanda ya san wani littafin Hausa da ya riga ya yi abin da muka ce ba a yi ba. In akwai shi, a aiko mana, za mu karanta, mu kuma janye maganarmu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.